Sakatar da Mma Adiza Ta Ajiye

Tun da kun matsa sai na ba ku labari ɗaya daga aikin ɗakin makamai kafin a kawo abinci, to ku gyara zama. Kai kuma mai danne-dannen waya a can baya, ajiye ta, ba na maimaita magana. Ranaku da yawa na aikin nan sun shige mini, wasu ko an tsare ni ba zan tuna su ba, amma har yau ban manta da ranar da Sufeto Mensa ya ajiye wani ɗan ƙarfe baƙi a kan teburina, ya ce in gaya masa na mene ne ba.

Farkon shekarun tamanin ne, soja na mulki. Ni kuma ina Kofur, igiya biyu, a wani ofishin 'yan sanda da ke kula da Nima da Maamobi, unguwannin Zongo inda mutanenmu da baƙi ke zaune. Ga waɗanda ba 'yan aiki ba a cikinku, mai ɗakin makamai ba ya kama ɓarawo, ba ya bincike, ba ya tsayawa a titi. Aikinsa ya fitar da bindiga da safe, ya karɓe ta da yamma, ya wanke, ya shafa mai, ya gyara wadda ta lalace. In an kamo makami ko wani ɓangare nasa, shi ake kawo wa ya faɗi irinsa, kuma abin da ya faɗa shi ake rubutawa a kai gaba. Saboda haka bakinsa yana iya ɗaure mutum, yana iya kwance shi.

Bindigogin ɗakinmu kashi biyu ne. Akwai na gwamnati, a jere a gaba. Akwai kuma na ajiya, a kantar baya, wato na mutanen gari masu lasin da suka kawo mana don za su yi tafiya, ko mai ita ya rasu magada ba su daidaita ba. Waɗannan na gaje su ne daga hannun Saje Baba Moro, mutumin Bawku, wanda ya koya mini aikin. Ranar da zai bar aiki ya nuna mini kantar nan da sandarsa ya ce, "Awudu, waɗannan ba naka ba ne, ba na gwamnati ba ne. Ka shafa musu mai kamar masu su za su zo gobe." Yawancinsu gara ta cinye takardun da aka rataya musu, ba wanda ya san masu su. A cikinsu akwai wata 'yar siririya da aka naɗe da tsohon farin ƙyalle, ba ta da sakata. Bindigar da ba sakata ba ta magana, don haka nake ce mata Bebiya. Duk wata in na zo kanta sai in ce, "Bebiya, yau ma ba wanda ya zo?" Abokan aiki har dariya suke mini.

To, a zamanin nan ana yawan bincike gida-gida. Kalabule ake nema, wato masu ɓoye sabulu da madara da sukari don su tsawwala, amma in aka ci karo da ko kwanson harsashi a ɗakinka, maganar ta bar hannun ɗan sanda. Bariki za a wuce da kai, kuma wanda ya shiga bariki a lokacin ba a tambayar ranar fitowarsa. A irin wannan bincike ne, da safe, aka buɗe wata adaka a wani gidan haya a Maamobi, aka sami ƙarfen nan a ƙasan kaya. Namijin da ke ɗakin shi aka kama, wani saurayi mai suna Issaka, direban trotro, wato motar haya. Aka kawo shi wurinmu aka sa shi bayan kanta kafin motar soja ta zagayo bayan la'asar.

Sufeto Mensa mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin gumi in abu ya dame shi. Ya shigo yana goge wuya, ya ce, "Kofur, duba mini wannan. Na bindigar soja ne?"

Na ɗauka na juya. Tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, da ɗan hannu a gefe mai dunƙulallen kai. Mu bolti muke cewa, tsofaffi kuma su ce sakata, don aikinta ɗaya da ta ƙofa: ka tura, ka kwantar da hannun, ta kulle harsashi a ciki. Amma wani baƙin abu ya daskare a jikinta har ba ka ganin ƙarfen sosai. Na kai hanci. Ba man bindiga ba ne, man kaɗanya ne, an shafa a kan wani an sake shafawa, shekara da shekaru.

Na goge fuskar sakatar, wato wurin da ke taɓa gindin harsashi, don nan ake fara dubawa. Ku yara ku riƙe wannan. Harsashi iri biyu ne. Akwai mai ido a tsakiyar gindi, irin na soja da namu, tsinken da ke bugunsa zagayayye ne kuma daga tsakiya yake fitowa. Akwai kuma ƙarami wanda ba shi da ido, abin tada wutarsa yana cikin leɓen gindin a zagaye, rimfaya ke nan. Shi tsinkensa daga gefe yake fitowa, bakinsa a faffaɗe, ya daki leɓen. Wannan da ke hannuna ramin tsinkenta a gefe yake, fuskar kuma 'yar mitsitsiya, ba ta fi gindin fensir ba. A bayanta ga wani maɓalli mai kaushi da sai ka ja da yatsa kafin ta ɗanu.

Na ce, "Yallaɓai, ba ta soja ba ce. Tu-tu ce, mai cin harsashi ɗaya, ta harbin zabo da zomo. Irin wadda Turawa suka zo da ita tun kafin a ba mu ƙasa. Ta yiwu ma ta girme ni."

Ya sauke numfashi, sannan ya girgiza kai. Ya ce, "Na ji daɗi, amma bai isa ba. Laftanan ɗin da zai zo da motar soja ba zai tambaye ni girman harsashi ba. Zai ce ga sakata, ina sauran bindigar? Yaron kuma ya rantse bai taɓa ganin abin ba. In ba mu da amsa, da shi za su tafi."

Gaskiyarsa ce. Ni kaina a lokacin abin da na ɗauka ke nan, cewa akwai bindiga binne a ƙarƙashin wani gado a Maamobi. Haka zamanin ya sa muke tunani.

Da na fito alwalar azahar sai na ga wata mata zaune a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofis, takalmanta a ajiye gefe. Na san ta. Mma Adiza ce, mai koko da ƙosai a bakin babbar kwata, na sha tsayawa wurinta in zan shiga aiki da safe. Ashe ita ce uwar Issaka, ban taɓa haɗa su ba. Tana ganina ta miƙe.

Ta ce, "Kofur, ɗana, kai ne a nan? Na gaya musu abin nan nawa ne, ba na yaro ba. Na ce ku kama ni. Sun ce tsohuwa ki koma gefe."

Na ce, "Mma, zauna tukuna. Bari in nemi izini, ba a yarda in yi magana da dangin wanda aka kama haka kawai ba."

Na koma na roƙi Sufeto. Ya ce in je, amma kada in yi mata alkawarin komai. Na kawo mata ruwa a kofi, na tsuguna, na ce ta gaya mini daga farko.

Mijinta Malam Hamidu, Bazabarme ne daga Nijar. Ya yi wa wani Bature aikin lambu, da Baturen zai koma gida ya bar masa bindigar, aka yi masa lasin da sunansa. Ranar hutu yakan fita bayan gari ya dawo da zabi ko fakara, ita ta soya ta sayar. Sai shekarar nan ta zo da aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Manyanku sun tuna yadda Zongo ta zama, ana sayar da gado da tukunya a bakin titi, motocin kaya cike da mutane. Ita haifaffiyar nan ce, ba a taɓa ta ba. Shi kuwa dole ya tafi. Issaka lokacin bai daɗe da shiga makarantar allo ba.

Ta ce, "Ana gobe zai tafi ya fita da bindigan, ya dawo ba shi. Ya ce ya kai wa gwamnati ajiya. Sai ya ba ni wannan ƙarfe, ya ce Adiza, wannan makullinsa ne. Ki riƙe mini, kada ya yi tsatsa. In na dawo da shi zan je in karɓo, kuma muddin yana hannunki ba mai iya ba wani."

Na ce, "Wane ofishi ya kai?"

Ta ce, "Wallahi ban tambaya ba. Ranar wa ke da hankalin tambaya?"

Saƙo ɗaya ya taɓa zuwa mata ta bakin wani falken goro, cewa ya isa lafiya. Daga nan shiru. 'Yan'uwanta sun yi ta fama ta je wurin malamai a raba auren, ta ƙi. Wasu matan gidan har suna mata ba'a, wai ya ba ta guntun ƙarfen bola don ta zauna jiransa. Ita dai kowace Sallah, in ta gama wanke Issaka da shafa masa mai, sai ta fito da ƙarfen ta shafa masa nasa, ta mayar ƙasan adaka. Da yaron ya girma ma ba ta daina ba, a ɓoye take yi don kada ya ga kamar ta zautu.

Kalmar nan "makulli" ita ta tsaya mini a rai. Ban ma gama sallama da ita ba na koma ciki da sauri, har kurtun da ke ƙofa ya ɗauka wani abu ya faru. Na zuba kananzir a gwangwani, na jefa sakatar, na bar ta ta jiƙa, sannan na shiga kankare ƙasan hannunta da tsinken ashana. Man nan ya yi ta fita kamar ƙanzo. Can sai ga su: zane uku a jere da bakin zarto, da wani guda da ya gitta su.

La ilaha illallahu! Hannun Baba Moro ne.

Bari in bayyana muku, don ba a littafin horo yake ba, kuma yanzu ba mai yi. A ƙa'ida, in ka kawo ajiya rasit ake ba ka. To amma mutanenmu na Zongo a lokacin nawa ne ke karanta rasit? Kuma takarda a gidan haya, in ruwan Nima bai ci ta ba, ɓera zai ci. Sai Baba Moro ya fito da tasa dabara. Ya ba ka rasit ɗin don doka, sannan ya zare sakatar, ya yi mata shaida da zarto, ya yi irinta a jikin bindigar a ƙarƙashin katako inda ido ba ya gani, ya miƙa maka sakatar. Kowa da irin zanensa, kamar yadda fatake ke yi wa huhun goro. Ranar da ka dawo, ko ba takarda, in zane ya yi daidai da zane, kayanka ne. Kuma hankalin mai ajiya yana kwanciya, don ya san ba wani ɗan sanda da zai ɗauki bindigarsa ya tafi farauta. Ya taɓa ba ni labarin wannan muna cin gyaɗa, amma a zamanina ba wanda ya taɓa dawowa da sakata, sai abin ya kwanta mini.

Marasa sakata a kantar baya suna da ɗan dama, amma tu-tu mai cin ɗaya ita kaɗai ce. Na sauko da Bebiya, na warware ƙyallen, na kwance notin da ke riƙe katakon. Na ɗaga ƙarfen wajen taga. Zane uku, ɗaya ya gitta.

Ban saka sakatar ba. Na kira Sufeto, na ce a bari sai Laftanan ya zo, a yi a gabansa, kada a ce mun shirya. Ya dube ni ya dubi bindigar, ya ce da Turancinsa, "Kofur, kana nufin tun kafin a kawo ni ofishin nan tana bayanka?" Na ce tun kafin a kawo ni ni ma.

Motar ta iso bayan la'asar kamar yadda aka ce. Laftanan ɗin matashi ne, idonsa ja don rashin barci, ba mai son dogon zance ba. Na shimfiɗa komai a tebur. Na nuna masa ramin tsinke a gefe, na nuna masa bakin ɗakin harsashi inda tsinken ya ɗan lotsa gefen, na nuna masa zane da zane. Sufeto ya sa aka shigo da Mma Adiza ta tsaya daga bakin ƙofa. Sannan na danne kunamar bindigar, don irin waɗannan sai ka danne ta sakata ke wucewa, na tura. Ta shige sumul, na kwantar da hannun, ta ce ƙyas. Ko tsatsa ɗaya babu a tsakaninsu. Ni ina shafa wa rabi man gwamnati a nan, ita tana shafa wa rabi man kaɗanya a Maamobi, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba, ba wanda ya san da wani.

Laftanan ya karɓa, ya buɗe ya rufe da kansa, ya ajiye. Ya ce, "Na yarda. Bindigar tana hannun hukuma tun da can, yaron ba shi da laifi." Sai ya ɗaga yatsa. "Amma ƙarfen nan ba zai koma gida ba. Kuma lasin ya mutu tuntuni. Sai wani daga iyalin mai ita ya sa hannu an sallama wa gwamnati, a haɗa ta da waɗanda za a yanka. In an sa hannu, ku saki yaron. In ba a sa ba, magana ba ta rufu ba, zan tafi da shi har a rufe ta."

Ba mugunta ya yi ba, haka umarnin yake. Ni aka sa in fassara mata, kuma ban taɓa jin nauyin Hausa a bakina irin na ranar ba. Na ce, "Mma, an gano gaskiyarki. Malam bai yi miki ƙarya ba, ga bindigarsa, inda ya ce ya kai nan ya kai. Amma sai kin bar musu ita da makullin duka. Za a sa wuta a yanka ta. Ba za a sake karɓarta ba, ko ya dawo."

Ta dubi teburin. Ta matso, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa, ta fasa.

Ta ce, "Ashe bindigan yana nan." Sai kuma ta ce, a hankali, "Kofur, in ya dawo ya ce Adiza ina ajiyata, in ce masa me?"

Sufeto ya juya yana kallon bango. A daidai nan aka fito da Issaka daga bayan kanta, ba takalmi, yana riƙe da wando da hannu don an karɓe bel ɗinsa. Dogo ne, baƙi, kana ganinsa ka ga Bazabarme. Ya ce, "Mma."

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Sannan ta gyara mayafinta, ta ce, "Ajiya biyu ya bar mini. Zan ce masa na ba da ƙaramin na karɓo babban. Ina wurin sa hannun?"

Na riƙe mata babban yatsa na danna a tawada, na danna a takarda. Yatsan nan duk kanta ne da ƙunar mai. Ba ta yi kuka ba, ni ne na ce kananzir ya shiga mini ido.

Da za su fita sai idonta ya sauka kan farin ƙyallen da na yar a kan benci. Ta ɗauka, ta bi gefensa da yatsa inda aka yage, ta ce rabin rawanin mijinta ne, da ɗaya rabin ya tafi a kansa. Na dubi Sufeto. Ya ce, "Kofur, a takarda bindiga da sakata aka rubuta. Ni ban ga an rubuta tsumma ba." Ta ninke shi ta sa a ƙugu, ta kama hannun ɗanta kamar ƙaramin yaro, suka bi ta gindin darbejiya suka tafi.

Bebiya ta bi motar yanka tare da sauran, ni na ɗora ta da hannuna. Malam Hamidu kuwa, iyakar sanina, bai dawo ba. Mma Adiza ta ci gaba da kokonta har ƙafa ta hana ta, Issaka ne ya riƙe ta har Allah ya karɓi abinsa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

To ku da kuke ɗakin makamai yanzu, ga abin da na ɗauka daga ranar. Sanin ƙarfe wajibi ne. In ba ka iya bambanta tsinken gefe da na tsakiya ba, za ka aika ɗan mutane inda ba zai dawo ba, kana ganin aikinka ka yi. Amma sanin irin bindigar rabin amsa ne kawai, ni ma na ba da shi tun da safe bai fitar da kowa ba. Sauran rabin yana wajen ƙofa, zaune a gindin bishiya, ba wanda ya tambaye shi. Mutanenmu ba sa ajiye abu a banza, kuma ba kasafai suke ajiye shi yadda littafi ya ce ba. Tun daga ranar, duk ƙarfen da aka ɗora mini a tebur, kafin in ɗauko ma'auni sai na kai shi hanci, in ji wa yake shafa masa mai.